Bindigar Toka da Maƙeranta: Jawabi a Taron Ƙungiya

Ni ɗan kasuwa ne, to amma an ce in yi magana a kan tsohuwar bindigar da ke rataye a zaurukanmu, wato bindigar toka, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga.

Sunan ma ya faɗi halinta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a bi da harsashi, a danna da sandar ƙarfe. Harbi ɗaya take yi. In ka kuskure ɓauna, to sai ƙafa, don kafin ka sake ɗuri ta iso ka.

Asalinta daga bakin teku ta shigo. Turawan Denmak suna sayar da ita a gaɓar ƙasar Gana ta yanzu, shi ya sa a Turanci aka laƙaba mata sunansu. Birnin Birmingham na Ingila kuma ya ƙera dubbai don kasuwar Afirka. Fatake suka kawo ta Arewa, maƙeranmu suka kwance ta, suka gane sirrinta. Da zuga-zugi da masaɓa da uwar maƙera suka riƙa gyarawa, har suka koma ƙera tasu. Da motoci suka yawaita, ƙarfen sitiyari ya zama bututu.

Mahaifina ya zo Bauchi da guda ɗaya. Ya san maƙerin da ya yi ta, ya san unguwarsu. Ni ban tambaya ba, har Allah ya karɓi abinsa. Yau ga bindiga, babu sunan mai ita. Wannan abu yana damuna.

Jama'a, zamani ya juya. Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari, farauta a cikinsa laifi ce. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba da izini ba. Kalmar 'yan bindiga ma, da can mutanen fada ake nufi, masu harbi ranar hawan Sallah. Yau in an faɗe ta, gaba ke faɗuwa.

Abu biyu nake gani a unguwanninmu. Na farko, magada suna sayar wa 'yan gwangwan ita a kan kilo, kamar tsohuwar tukunya. Na biyu ya fi muni: yara suna ɗaukowa ranar biki su ɗura. Na ga yaron da bututu mai tsatsa ya fashe masa a hannu, ya rasa yatsu. Ƙarfen da ya shekara hamsin a rataye ba abin yarda ba ne.

Don haka ga roƙona. Duk mai ita a gida, ya je wurin hukuma ya ji ƙa'idar ajiye ta. A kai wa maƙeri masani ya tabbatar babu tsohon ɗuri a ciki, a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa. Sannan a zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta wanda ya ƙera ta, da garinsu, da wanda ya yi farauta da ita. Ina roƙon sakatare ya buɗe littafi don wannan.

Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.