Baƙin Fadamarmu Kafin Su Yi Sallama



 Da sakataren ƙungiya ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na ce masa tsuntsayen fadama, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, duk matsalolin da ke damun ƙasarmu ka rasa abin faɗa sai tsuntsu?" Na ce ya yi haƙuri ya saurara. In na gama bai gamsu ba, na yarda a ci ni tara.

Da farko ina neman gafarar malamanmu. Sau da yawa da aka neme mu a ɗakin karatun yamma aka rasa, muna fadama da danƙo a aljihu. Wasu abokan wannan ta'asa ga su nan zaune cikin manyan riguna, amma ba zan tona musu asiri ba. A lokacin tsuntsu a wurinmu iri biyu ne, wanda ake gasawa da wanda ba a gasawa. Sai bayan na gama jami'a na kama aiki, na sayi madubin hangen nesa da 'yar kyamara ta hannu, sannan na gane yawan abin da muka wuce ba mu gani ba a fadamun Gwashi da bakin gulbin Zamfara wajen Gummi.

Lokacin da ya fi daɗin kallo shi ne ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, wato watan Fabrairu da Maris. Ruwa ya ja baya, tafkuna sun tsuke, kifi da kwaɗi da ƙwari sun taru wuri guda, don haka tsuntsaye ma sukan taru. Akwai 'yan gida da kowa ya sani: balbela da ke bin shanu, zalɓe da ke tsayawa cik yana dakon kifi, kirinjijiya mai fito in ta tashi, dinya, da zakaran ƙeƙuwa wanda shi ne ɗan sandan fadama, da ya hango ka sai ya sanar da kowa. Amma a cikinsu akwai baƙi. Akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, akwai masu dogayen ƙafafu da siririn baki da ke caccakar laka, akwai kuma ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a ƙarƙashin shanu. Waɗannan ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Turai da yammacin Asiya suke zuwa bayan damina, gudun sanyin ƙasashensu. A watannin nan biyu ba su da aiki sai ci, domin su tara kitsen da zai ƙetar da su hamadar Sahara, tafiyar fiye da kilomita 1,500. Wasu ƙananan sukan kusan ninka nauyinsu kafin su tashi. Fadamarmu ita ce gidan mai na ƙarshe kafin a shiga rairayi.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba, har wasu masanansu na dā sun ɗauka tsattsewa a cikin laka take kwana har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar gaba ɗaya. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Mortensen, ya fara ɗaura wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa don a san inda suka je. Malamanmu ku lura, ɗan'uwanku ne ya buɗe wannan ƙofa. Saboda haka wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ya ce na aljanu ne. Ya rubuta lambar, da ranar, da wurin.

Bayan baƙin Turai sun tafi, sai tamu shamuwar ta iso wajen Afrilu zuwa Mayu daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari. Kakanninmu ba su da ma'aikatar hasashen yanayi, amma da sun ga shamuwa sai a fara gyaran gona da neman iri. Ashe kallon tsuntsu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne dai muka yi sakaci da shi.

Yanzu bari in ba sakatare amsarsa. Babu wanda ke ɗakin nan da ya manta shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Da masu bincike suka zo suna tambaya, mutanen ƙauyukan suka ce ai tun kafin yara su fara suma sun lura agwagi na ta ɓacewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Agwagwa a ƙasa take kiwo, a ruwa take wanka, gubar ta riga isa gare ta. Da akwai mutum guda da ke rubuta abin da yake gani, ya kai wa malamin asibiti ko na dabbobi, wa ya sani ko da an farga da wuri? Wannan tambaya ita ce ta hana ni ɗaukar kallon tsuntsu a matsayin wasa.

Haka abin yake a wasu wuraren. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke yin rani a yankinmu, ya dawo bai kai rabin yadda aka saba gani ba. Da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a yankin Sahel, mafarin farin da ya kai mu ga yunwar 1973. Tsuntsu ya kai labarin Ingila tun kafin hukumomi su farka. Ga kuma gauraka. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, yakan ba mu labarin yadda suke jin kukanta da asuba a fadama. Ni kuwa shekara da shekaru ina yawo da kyamara ban taɓa ɗaukar hotonta a daji ba. Tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa ta kusan ƙarewa a Nijeriya, saboda kamu don sayarwa da kuma bushewar fadamu. 'Ya'yanmu a karin magana kawai za su san ta.

To, yaya ake wannan kallo? Ranar da na fara fita, farar shadda na sa, na nufi tafki gaba-gaɗi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hoton da na samu na ruwa ne da wutsiyar agwagwa guda. Daga nan na koyi darasi. A fita bayan sallar asuba, ko bayan la'asar, lokacin da haske ke da taushi. A sa tufafi masu launin ƙasa. A bar rana a bayan ƙeya, don hasken ya sauka a kan tsuntsun. A sami gindin itace a zauna, kada a bi tsuntsu, shi zai matso in ya ga ba ka motsi, mahaƙurci mawadaci. Ranar da hazo ya yi kauri hoto ba ya fita, kuma ƙura na ɓata kyamara, sai a nannaɗe ta cikin tsumma. Wanda ba shi da kyamara, wayar hannunsa ta isa: ya ɗora idon wayar a kan idon madubin hangen nesa, zai yi mamaki. Kada a tayar da garke don a sami hotonsu a sama, domin kowane tashi yana cin kitsen da suke tarawa na tafiya. Mafi muhimmanci, kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da adadi. Hoton da ba shi da kwanan wata ado ne kawai, ba shaida ba.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Duk mun san halin tsaro a yankinmu. Akwai tafkunan da nake zuwa dā, yau ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan je ba. Mutum da madubin hangen nesa a bakin daji ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Don haka kada kowa ya fita shi kaɗai, kada a yi nisa da gari, a sanar da mai unguwa, a gaisa da masunta da masu lambu, kuma kada a juya kyamara wajen da mata ke wanki ko ɗibar ruwa. Babu hoton da ya kai rai. Masuntan nan kuwa malamai ne, sun san sunan kowane tsuntsu da lokacin zuwansa, a tambaye su a rubuta kafin sunayen su bi gauraka.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan hanya. Dausayin Haɗeja da Nguru ya shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa tun shekarar 2000, ana kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa a can. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a ƙarƙashin jami'a, wadda ke tattara bayanan da 'yan sa-kai ke aikawa daga sassan ƙasar nan. Abin da aka rubuta daga yammacin Zamfara kaɗan ne ƙwarai, kuma babu baƙon da zai zo ya cike mana wannan gurbi a halin da ake ciki.

Roƙona ga ƙungiya ƙarami ne. Cikin gudunmawar da muke tarawa ta kujeru da alli, a ware kuɗin madubin hangen nesa guda biyu da babban littafin rubutu guda, a damƙa wa malamin kimiyya. Ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani daga harabar makaranta da tafkin da ke kusa: ranar da shamuwa ta fara sauka, ranar da baƙi suka ɓace, ranar da aka ga matattun tsuntsaye a bakin ruwa. Ni na ɗauki nauyin wanke hotuna, kuma zan zo hutun ƙarshen zango in nuna musu abin da na iya. Mu da muka yi wa fadama ɓarna da danƙo, wannan ita ce 'yar diyyar da za mu biya.

Malam sakatare, ga ni ga ka, sai ka yanke hukuncin tara. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, ya maimaita mana na baɗi.