Ragowar Naman Zomo Ma Jari Ce: Jawabi a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan abin da zai amfane mu a gida da kasuwa, sai na zaɓi fiza. Eh, fizar nan da yaranmu ke gani a waya suna damunmu da ita. Asalinta abincin mutanen Italiya ne, daga birnin Napoli, kuma can ma talakawa ne suka fara cin ta. Burodi ne mai faɗi, a shafa miya, a zuba abin da ya samu. To mu abin da ya samu shi ne zomo.

Da yawanmu muna kiwonsa a bayan ɗaki. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma takan zubo 'ya'ya 6 zuwa 8. Sai dai naman ba shi da kitse, in ya kwana sai ya bushe, yara su ture kwano. Wannan ragowar nake so mu daina asararta.

Ga ma'aunin, da hannuna na rubuto shi, albarkar ajin yaƙi da jahilci. Fulawa kofi 3, yis ƙaramin cokali 1, sukari ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan, man gyaɗa babban cokali 2, ruwan ɗumi kofi 1. Ki kwaɓa ya yi tauri kamar na burodi, kada ya yi ruwa irin na fanke. Ki rufe shi a wuri mai ɗumi awa 1 har ya tashi.

Kafin nan ki jajjaga tumatir da tattasai da attarugu da albasa da tafarnuwa, ki soya har ruwan ya tsane. Miya mai ruwa ita ke jiƙa ƙasan fiza ya ƙi gasuwa.

Sai naman. 'Yan'uwa, a nan ku ba ni kunnuwanku. Zomo yana da ƙananan ƙasusuwa masu tsini, ki zauna ki zare su ɗaya bayan ɗaya da hannu saboda yara. Ki yayyaga naman kamar za ki yi dambu, ki juya shi a kasko da cokali 1 na mai da ɗan romonsa har ya yi zafi sosai. Man nan shi zai hana shi bushewa. In akwai firji da wuta, kada ya wuce kwana 3. In babu, naman rana ki yi aiki da shi a ranar. Wanda ya canja wari ko ya fara yauƙi, ki zubar, kuɗin asibiti ya fi kuɗin zomo.

Ba ki da oben? Babu damuwa. Ki raba kwaɓin uku, ki murza da kwalba ya yi faɗi. Ki shafa mai a kasko mai kauri, ki gasa gefe ɗaya a wuta kaɗan, ki juya. Ki shafa miya, ki zuba nama da albasa da koren tattasai, ki barbaɗa cuku a sama. Mozarela shi ke narkewa ya yi zare, amma yana da tsada. Cukun Fulani ba ya narkewa haka, sai ki marmasa shi, daɗinsa na nan. Ki rufe, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin, minti 10 zuwa 15 ta yi.

Yanzu maganar kasuwa. Fiza ɗaya tana yankuwa gida 8. Kafin ki sa kuɗi, ki rubuta abin da kika kashe, har gawayi da leda, ki raba takwas, sannan ki ɗora ribarki. Ki fara da maƙwabta da gidan suna. Mai zomaye ta haɗa kai da mai fulawa, ai don haka muka kafa ƙungiya. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuri'a.