Ƙananan Ƙwayoyi Masu Kai Magani Ga Ciwon Daji: Abin Da Aka Cim Ma Da Abin Da Ya Rage



Gabatarwa

Manomin masara a ƙasar Faskari ko Sabuwa ya san bambancin da ke tsakanin watsa taki a gona da zuba shi a gindin shuka. Wanda ya watsa, ciyawa za ta ci nata, ruwa ya kwashe nasa, sa'an nan ɗan abin da ya rage ya isa ga masara. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun masu maganin ciwon daji, watau sankara. Wannan lacca za ta duba wata dabara da masana suka ƙago don kai magani daidai wurin da ciwon yake, da iyakar nasararta, da kuma abin da ya shafi mutanen ƙasar Pauwa a cikinta.

Tushen Matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum fiye da 120,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 79,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Na nono shi ne kan gaba.

Ciwon daji ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansa suke ta hayayyafa ba tsayawa. Saboda haka yawancin magungunan da ake ɗura wa majiyyaci ta jijiya guba ne ga duk wata ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa. Ba su bambance ta ciwo da ta tushen gashi, ko ta hanji, ko ta ɓargo. Shi ya sa gashi ke zubewa, amai ya yi yawa, jini ya yi ƙaranci. Alal misali, akwai wani jan magani mai suna doksorubisin, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo a cikin ƙasa a Italiya. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma idan ya taru a jiki yakan lalata tsokar zuciya, don haka likitoci suka yi masa iyakar da majiyyaci ba zai wuce ba muddin ransa.

Tun farkon ƙarni na 20 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, wanda ya sami kyautar Nobel a 1908, ya yi hasashen maganin da zai nufi cuta kai tsaye kamar harsashi ya bar sauran jiki lafiya. An daɗe kafin a sami hanyar kusantar wannan buri.

Yadda Dabarar Take

Ma'aunin da ake amfani da shi a nan shi ne nanomita, watau kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da ake magana a kansu kuwa ba su wuce nanomita 100 ko makamancin haka ba, ke nan sai an jera wajen 800 kafin su cika faɗin gashi guda.

A shekarun 1960 Alec Bangham, wani masani a kusa da Kambirij ta Ingila, ya gano cewa wani irin maiƙo idan aka sa shi a ruwa yakan naɗe kansa ya zama 'yar mitsitsiyar jaka mai rami a ciki. Ana kiranta lifosom, ana kuma iya cusa magani a cikinta. Sa'an nan a 1986 Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura na ƙasar Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke tsirar wa kansa ginin gaggawa ne, bangonsu duk kafofi ne. Jijiya mai lafiya ba ta barin ƙwaya mai wannan girma ta fice, amma ta ƙari tana yoyo, ƙwayar ta ɓulla ta maƙale a can, ta riƙa sakin maganin a hankali.

A kan wannan tushe aka ƙera Doxil, watau doksorubisin a cikin jakar maiƙo, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995. An lulluɓe jakar da wani sinadari mai ɓoye ta daga masu gadin jiki da ke cikin hanta da saifa, don haka takan yi kwanaki tana zagaya cikin jini. A 2005 aka amince da Abraxane don ciwon dajin nono. 'Yan Nijeriya ma sun sa hannu: Farfesa Wole Soboyejo da ɗalibansa, a Jami'ar Princeton da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, sun yi bincike a kan liƙa wa ƙwayoyin wani sinadari da ke manne wa ƙwayoyin ciwon dajin nono, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗonsa.

Iyakar Nasarar

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. A 2016 Warren Chan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada suka tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan ɓeraye, suka tarar cewa abin da ke isa ga ƙarin bai cika kashi 1 cikin 100 na abin da aka ɗura ba. Yawanci hanta da saifa ne ke tare shi. Da aka gwada Doxil da tsohon maganin a kan mata masu ciwon nono, ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya, sai dai illar Doxil ga zuciya ta ragu sosai, ko da yake yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su saluɓe. Babbar ribar da aka samu zuwa yanzu ita ce rage wahalar magani, ita ma kuwa ba ƙarama ba ce. Bugu da ƙari, waɗannan magunguna sun fi na da tsada nesa ba kusa ba.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Pauwa

Abu na farko shi ne farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masana ke kira kawolin. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya daɗe yana gwaje-gwaje da ita, har an sarrafa ta ta zama ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka. A wasu ƙasashe ana binciken yadda za a cusa maganin daji a cikin irin waɗannan ramuka, da kuma cikin haloisait, wani ɗan'uwan kawolin mai siffar bututu. Aikin bai wuce ɗakin gwaji ba tukuna, amma ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kansa yana da shi a ƙofar gida.

Abu na biyu ya fi gaggawa. Kafin magani ya yi tafiyarsa a cikin jini, sai majiyyaci ya yi tasa tafiyar zuwa asibiti. Matar da ta ji ƙullutu a nononta a wani ƙauyen Sabuwa sai ta kai Katsina, ko Shika, ko Kano kafin a yanki tsoka a auna, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Ga kuma camfin nan da ya yaɗu cewa daji ba ya son allura ko wuƙa, wanda ke sa a zauna ana shafe-shafe har ciwo ya fashe. Mafi yawan masu ciwon daji a ƙasar nan sukan isa asibiti bayan ciwon ya bazu, lokacin da ko magani mafi tsada ba zai yi wani abin kirki ba.

Kammalawa

Saboda haka aiki ya rabu biyu. Ɗalibai su dage da ilimin sinadarai da haɗa magunguna, domin fannin nan yana da sauran gyara mai yawa, ana kuma bukatar masu yinsa a gida. Ma'aikata kuwa, musamman na lafiya da na ƙananan hukumomi, su tabbatar an koya wa mata duba nononsu, an kai 'yan mata rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa wanda Nijeriya ta fara bayarwa a 2023, an kuma tura duk wanda aka ga alama a jikinsa babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.