Titin Kano: Na Mai Mota Ne Shi Kaɗai?



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kai shi ne titi, watau wannan 'yar shimfiɗar kwalta da mai mota da mai keke da mai tafiya a ƙasa suke kokawa a kanta kullum garin Allah ya waye. Kano za mu ɗauka misali, domin ita muka fi sani.

Ya kamata mu fara tuna cewa birnin nan ya girmi mota nesa ba kusa ba. Lungunan da suka kewaye Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, an yanke su ne daidai wucewar jaki da mangalarsa, da raƙumi, da mahayin doki. Mota baƙuwa ce. To amma baƙuwar nan da ta sami wuri sai ta miƙe ƙafa, har ta tura masu gida bakin lambatu.

Idan aka tambaye mu yaushe al'amarin ya juya, za mu ce bayan rahoton Udoji na 1974, da ƙarin albashin da ya biyo baya, da buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Malamin ofis wanda a da yake goge kekensa Raleigh da tsumma kowace safiya, yana alfahari da shi, sai ya wayi gari yana jin kunyar hawansa. Sayen mota ba laifi ba ne. Ɓarnar ita ce, masu zana hanyoyi da masu sa hannu a kwangilarsu duk sun koma bayan sitiyari, daga nan kuwa ba su sake ganin titi ba sai ta gilashin mota.

Tun daga lokacin kusan duk maganin da aka kawo na cunkoso, mai injin ake nufi da shi. A Legas, a 1977, an yi dokar raba ranaku tsakanin motoci bisa lambarsu; masu hali suka sayi ta biyu. A nan Kano an fito da adaidaita sahu a 2005, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, aka gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa da gadar ƙasa a Kabuga, wasu kuma suka biyo baya. Ba mu raina waɗannan ayyuka ba. Sai dai gada tana ƙara wa mota gudu ne, kuma gwargwadon gudunta gwargwadon daɗewar tsohuwa a tsaye tana jiran ta tsallaka.

Inda aka yi wa masu ƙafa dakali kuwa, je ka duba: mota ta hau kai, an kafa tebur, an ajiye janareto, murfin lambatu ya yi ɓatan dabo. Mu dai ba mu cika ganin laifin mai tebur ba, abincinsa yake nema, kuma mota guda da aka ajiye tana cin wurin kekuna takwas ko goma ba wanda ya ce mata uffan. Dole mai tafiya ya sauko kan kwalta. In aka banke shi, sai ka ji ana cewa bai iya tafiya a birni ba.

Ƙasar Holan ta taɓa shiga irin wannan hali. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyinta, fiye da 400 a cikinsu yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, sai ga ƙarancin mai na 1973 har aka hana hawa mota ranakun Lahadi, sannu a hankali aka ware wa keke hanyarsa daban. Kano ma shimfiɗaɗɗiya ce kamar Holan. Wani zai ce ai mu rana gare mu. Gaskiya ne, amma maganin rana inuwa, ita kuwa darbejiyar bakin hanya ita ake fara sarewa duk lokacin da za a faɗaɗa titi.

Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da dama sun jingine motoci, wasu sun kakkaɓe kekuna, wasu sun taka sayyada. A nan ne suka ɗanɗana abin da ɗan garuwa da mai amalanke suka daɗe suna sha.

'Yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ma'aikatar ayyuka ko hukumar tsara birane. Abin da muke roƙo ƙanƙane ne. Ranar da fayil ɗin sabuwar hanya ya zo teburinka, kafin ka sa hannu, tambayi faɗin dakalin masu ƙafa, da inda mai keke zai bi, da inda 'yan makaranta za su tsallaka, da yawan itatuwan da za a sare. In ba a rubuta ba, mayar da fayil ɗin a rubuto.