Bakan tsoho da kwarinsa: wa za a bai wa?



Yau maganarmu a kan kayan harbi ne na gado. Gidaje da yawa akwai su: tsoho ya rasu, ko ƙarfinsa ya ƙare, ya bar bakunkuna biyu ko uku da kwari cike da kibau a rataye a ɗaki. 'Ya'ya ba su iya harbi ba, wasu sun koma gari. Gara na cin itacen, ɓera na cin tsirkiya, dillalin kayan da kuma yana zagaye da 'yan kuɗinsa. To, yaya za a yi?

Mu fara sanin abin da ke hannunmu. A yaƙin Tafkin Kwatto, shekarar 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu ne suka tare dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A Lugu, shekarar 1899, da kibau mutanen Sarauniya suka fuskanci bindigogin sojan Faransa. Kowane kwari kuma aikin mutane da yawa ne: maƙeri ya ƙera kan kibiya da kunnuwanta, wani ya yanko kyauro, baduku ya ɗinka fata. Masu wannan hannu suna ƙarewa.

Abu na farko, tun kafin maganar wanda za a bai wa, shi ne dafi. Kada wani ya ce maka ai ya tsufa, ya mutu. Dafin kwankwani yana daɗewa shekaru da ƙarfinsa, kuma zuciya yake tsayarwa idan ya shiga jini. Kada a zura hannu cikin kwari, kada a gwada kaifi da yatsa. A ɗaure bakinsa, a rataye inda yaro ba ya kaiwa. In za a zazzage, a kira tsohon maharbi. Wanda kibiya ta yanka, a kai shi likita nan take.

Na biyu, kayan nan gado ne. Magada su zauna su yarda, kada mutum ɗaya ya ɗauka ya sayar a ɓoye ya bar rigima a gida.

Sannan a duba ta kusa. In akwai ɗa ko jika mai son koyo, shi ya fi cancanta. In babu, akwai Sarkin Baka da maharban yankinku. Sun san gyara, sun san wanda zai riƙe amana. Akwai kuma fadar sarki ko ta hakimi, inda ake fito da irin waɗannan kaya ranar hawa.

In kayan tsofaffi ne ƙwarai, ko an san an je wani yaƙi da su, gidan tarihi ya fi. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Damagaram ma tana da nata. A Kano akwai Gidan Makama. Ku gaya musu akwai dafi tun a ƙofa, ku karɓi takardar shaida mai sunan mai kayan, ku kuma tambaya ko za su karɓa a matsayin ajiya maimakon kyauta.

Duk inda za ku kai, ku kai da labari: sunan mai bakan, garinsa, wanda ya ƙera kibau, me aka yi da su. In babu mai rubutu, a ɗauki muryar tsohuwar gida a waya. Kada a raba baka da kwarinsa, kada a goge shi da fenti don ya yi kyau.

Yanzu gare ku, fatake. Wani zai ba ka ƙunshi ya ce tsallaka mini da shi, ga ladanka. Ka sani Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, Najeriya tana da tata tun 1979, kuma dukansu sun hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. A Najeriya, aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 yana cikin lissafin. In kwarin yana da fatar damisa, wannan wani laifin ne daban. Ranar da duwan ko kwastan suka kwance kaya, mai ƙunshin yana gida, kai ne a hannu, da hajarka gaba ɗaya.

Kuɗin dillali kasuwa ɗaya za su yi su ƙare. Bakan da ya tsallaka teku kuwa, da wuya jikanka ya sake ganinsa. Kafin damina ta sauka ruwa ya jiƙa ɗaki, a sauko da kayan nan a duba, a yanke shawara.

Allah ya kiyaye dukiya, ya tsare hanya. Sai mako mai zuwa.