Yaron da Ya Dawo Aji Bayan Annoba: Jawabi ga Malamai da Iyaye

 

Ni ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, na yi karatun jinya, ina aiki a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Masu zuwa wurinmu, wasu da naira suke sayen magani, wasu da sefa, amma kukan da suke kawowa iri ɗaya ne. Abin da na zo mu tattauna yau shi ne ciwon da ma'aunin zafi ba ya nunawa, wato halin da zuciyar ɗalibi da ta malaminsa ke shiga idan annoba ta sauka a gari.

Kun tuna shekarar 2020. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare an rufe makarantu a Najeriya da Nijar. Ɗaliban Nijar sun koma aji a farkon Yuni. A Najeriya masu jarrabawar kammala sakandare ne suka fara komawa a Agusta, saura kuwa sai wajen Oktoba. A lokacin iyakar ƙasa tana rufe tun Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Illela da ta Maigatari. Yara da yawa sun ga mahaifinsu zaune a gida ba fatauci, sun ga tukunya ta ragu. An kwashi almajirai a motoci an mayar da su garuruwansu, wasu sai da aka killace su kafin su ga iyayensu. Ba korona kaɗai ke yin haka ba. Sanƙarau ya sa an rufe makarantun Yamai a 2015, mashaƙo kuma ya ɗauki yara a Kano da Matamaye a 2023. Saboda haka wannan magana ta jiya ce, kuma ta gobe ce.

Bari in ba ku labarin wani yaro ɗan kimanin shekara goma. Bayan an buɗe makarantu, mahaifinsa ya kawo shi yana kukan ciwon ciki. Muka gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro. Muka ba shi maganin tsutsa, ya tafi, bayan mako guda ya dawo. Da na ƙara bincike, sai na gane ciwon da safe kawai yake tasowa, kuma ba ya zuwa ranar da babu makaranta. Na roƙi uban ya ba mu wuri. Da ƙyar yaron ya buɗe baki, ya ce kakarsa ta rasu kwanaki kaɗan bayan rufe makaranta, ya kuma ji manya suna cewa a cikin taro ake ɗauko cutar. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa shi ne ya kawo mata ita daga aji, kuma in ya koma zai ɗauko wa mahaifiyarsa. Wata bakwai yana ɗauke da wannan nauyi shi kaɗai, ga bulalar makara tana jiransa a bakin ƙofa kullum.

Yaron nan ba ƙarya yake yi ba, cikinsa yana ciwo da gaske. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, irin su adiranalin da kotisol, masu sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, hanji ya murɗa. Wannan shiri ne na gudu daga haɗari, kuma yana da amfani na ɗan lokaci. Amma idan tsoron ya zauna makonni da watanni, barci yakan lalace, cin abinci ya ragu, ƙwaƙwalwa ta kasa riƙe sabon abu. Shi ya sa za ka ga yaron da ya iya karatu kafin hutu ya dawo kamar bai taɓa riƙe alli ba. Duka ba ya gyara wannan, sai dai ya ƙara wa tsoro tsoro.

Alamomin da za ku lura da su

A wurin ƙananan yara: komawa fitsarin kwance bayan an daina, firgita cikin barci, manne wa uwa, kuka ba dalili, ciwon ciki ko na kai da gwaji bai nuna komai ba. A wurin waɗanda suka fara tasawa: saurin fushi da faɗa, ko kuma shirun da ba a saba gani ba, janye jiki daga abokai, gudun makaranta, ramewa, da fara shan ƙwaya irin taramol ko maganin tari. Ma'aunin shi ne canji. Ka tambayi kanka: haka yaron nan yake kafin annoba? Mai hayaniya kowa zai gan shi. Wadda ta koma bencin baya ta yi tsit, ita ce aka fi mantawa da ita.

Abin da malami zai iya yi

Na farko, ka faɗa wa yara gaskiya daidai da shekarunsu: mece ce cutar, yaya ake ɗaukarta, me muke yi don kare kanmu. Abin da babba ya ɓoye, yaro zai cike gurbinsa da jita-jitar kasuwa da ta waya, kuma ita ta fi gaskiya ban tsoro. Ka faɗa musu a fili cewa babu yaron da ke da laifin mutuwar wani.

Na biyu, ka mayar musu da tsarin da suka sani. Lokacin shiga, lokacin tara, kiran suna, wasa a fili. Yaron da ya san abin da zai faru bayan awa ɗaya hankalinsa ya fi kwanciya. A makon farko kada a tarbe su da jarrabawa. A fara da bitar abin da suka riga suka iya, domin su ji cewa kansu yana nan.

Na uku, ka ware minti goma da safe don tambayar lafiyar gida. Wanda ya so ya yi magana, wanda bai so ba kada a tilasta shi. Ƙanana a ba su takarda su yi zane. Idan aji ya rikice, ku ja numfashi tare a hankali ta hanci, ku sake shi a hankali ta baki, sau biyar.

Na huɗu, ka hana tsangwama. Yaron da ya warke, ko wanda aka yi rashi a gidansu, ko wanda ya tsallako daga ɗaya ɓangaren iyaka, kada a bari a laƙaba masa sunan cuta. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta tsayar da aji, haka nan dariyarka ɗaya ta isa ta ba su lasisi.

Na biyar, ka duba rajista. Wa bai dawo ba? Dogon hutu yakan tura yara maza leburanci da ci-rani, 'yan mata kuma talla ko aure kafin lokacin da aka shirya. Ka ɗauki sunayen ka kai wa kwamitin makaranta da mai unguwa, ku bi gida-gida tun sawu bai yi nisa ba.

Ga iyaye

Yaro yana karanta fuskarku fiye da yadda yake karanta allo. Ku rage kirga matattu a gabansa, ku rage labaran annoba da dare. Ɗan firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Idan an yi rashi, kada ku ce masa mamacin ya yi tafiya, domin zai zauna jiran dawowarsa. Ku faɗa masa gaskiya cikin taushi, ku bar shi ya yi kuka, ku sa shi cikin addu'a tare da ku.

Shi malamin fa?

Malam, Malama, ku ma mutane ne. Cikinku akwai wanda ya binne nasa, akwai na makarantar kuɗi da albashinsa ya tsaya cak da aka rufe ƙofa, akwai mai ciwon suga ko hawan jini da ke shiga aji da fargaba. Haka mai gadi, mai shara da mai dafa abincin ɗalibai. Randar da ba a zuba mata ruwa ba za ta shayar da kowa ba. Idan ka ga kana yi wa yara tsawa a kan abin da da kake yi wa murmushi, ko barci ya ƙaurace maka, wannan alama ce ta gajiyar zuciya, kuma faɗarta ba gazawa ba ce. Shugaban makaranta ya ware rabin awa a mako ma'aikata su zauna su ji halin juna, ban da maganar manhaja. A raba aiki da adalci, a bar wanda aka yi wa rashi ya huta, kada kuma a ɗora wa malami cike giɓin wata shida a cikin wata ɗaya.

Lokacin zuwa asibiti

Yawancin yara da manya sukan farfaɗo da kulawar gida da ta makaranta. Amma ku kawo mana mutum idan baƙin ciki ko tsoro ya wuce mako biyu yana hana shi ci, barci ko karatu. Idan yana jin muryoyi ko maganarsa ta rikice. Ko idan akwai alamar ana cin zarafinsa. Wanda ya ce ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta cusa wannan tunani. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin feshin gona, a kawo shi ranar. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna. Ku je wanda ya fi kusa da ku, ko a wane gefen iyaka yake. Abin da ya fi ƙarfinmu muna tura shi ga ƙwararru, kuma sirrinku amana ne a hannunmu.

Yaron da na ba ku labarinsa, mun zauna da shi da mahaifinsa, muka bayyana masa cewa kakarsa ta daɗe tana jinya kuma ba shi da hannu a rasuwarta. Uban ya je ya ga malamin ajinsu, malamin ya ajiye bulala ya ba shi aikin goge allo kowace safiya. Ciwon bai tafi dare ɗaya ba, amma kafin ƙarshen zangon ya daina zuwa wurinmu.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Gobe idan kun shiga aji, kafin ku buɗe littafi, ku dubi fuskokin da ke gabanku, ku zaɓi yaro ɗaya da ya canza, ku kira shi gefe ku tambaye shi lafiyar gida, sannan ku jira amsarsa.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuriya.