Muryar Malami a Gaban Aji



Duk wanda ya kama Rediyon Kaduna da azumi, zamanin da marigayi Sheikh Abubakar Gumi ke tafsiri a Masallacin Sultan Bello, ya san aikin murya wajen karantarwa. Mai jan baki ya ja aya, malam ya fassara da Hausar da kowa ke ji, ya sassauta, ya ɗan dakata kafin ya yanke magana, masallaci ya yi tsit. Har mai shayi a Kawo yana biye da karatun.

To, a leƙa wasu azuzuwan firamare a Unguwar Rimi ko Badarawa. Malam ya ba yara baya, yana rubutu a allo, yana karantawa da murya guda kamar mai lissafin bashi. 'Yan layin baya sun kifa kai a benci. Abin yana damuna, domin sau da yawa malamin ya san darasinsa sarai. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, dubbai suka rasa aiki, amma takarda ba ta auna yadda mutum ke tsayawa gaban yara.

Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana nan kan hanyar Zariya. Muna roƙonta ta sa sarrafa murya cikin horon malamai. Ɗalibin malanta ya ba da tatsuniya da muryar Gizo da ta Ƙoƙi, a ɗauke shi a waya, ya saurari kansa. A koya masa jawo numfashi daga ciki, don ihu kullum yana dusashe maƙogwaro tun kafin ƙarshen zango.